Hoton Ƙirjin Yaya Balaraba

Litinin, 5 ga Mayu 1997, bayan la'asar

Wannan littafin rajistar marasa lafiya ne da ruwa ya ɓata bayansa aka ce a yar. Na kawo shi gida don ba ni da wanda zan yi wa magana. Matata Asma'u tana Doguwa wajen iyayenta tun wancan watan, cikin fari ne, sun ce a can za ta haihu. Gidan shiru, ko cokali na ajiye sai na ji ƙararsa.

Yau an kawo Yaya Balaraba asibitinmu na nan Tudun Wada. Ba ni aka nema ba. Ina ɗakin duhu ina wanke fim Sista Suwaiba ta ƙwanƙwasa ta ce, "Malam Ɗayyabu, yayarka tana ɗakin mata." Da na fito na tarar da mijinta, Malam Maikano, a baranda, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, amma bai dube ni ba, bai kuma ce "Likita" ba, yadda duk danginmu suke kirana shekara goma sha ɗaya ke nan.

Ni ba likita ba ne. Hoton ƙashi nake ɗauka. Na sha gaya musu, sai dai ban taɓa faɗa da ƙarfi ba.

Talata, 6 ga Mayu, da azahar

Likita Labaran ya duba ta, Sista tana tsaye. Daga baya ya aika a kira ni ofis. Ya ce abin ya girma, ya taɓa fata, har hammata ya kai. Ya faɗi sunan ciwon. Ba zan rubuta ba.

Sai ya ce, "Ta ce an taɓa yi mata hoto a nan. Ban ga takardar da na sa wa hannu ba."

Na ce ranar Asabar ce, yana Kano.

Ya daɗe yana juya biro. Ya ce, "Gobe ka kawo mini fim ɗin."

Laraba, 7 ga Mayu, bayan magariba

Na kai. Ya maƙala shi a allon haske muka tsaya muna kallo. Ya ce, "Hoto ya yi kyau. Huhu lafiya, haƙarƙari lafiya, zuciya a wurinta. Ba ƙarya ka yi mata ba. Amma ba wannan take buƙata ba, Ɗayyabu. Hannun Sista take buƙata, na minti biyu."

Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Bari in rubuta yadda aka yi, sau ɗaya. Watan Nuwamba ne, an gama cire gyaɗa. Ta zo daga ƙauyensu na bayan Ƙofa da ƙullin gyaɗa da ɗan kuka, ta same ni a bakin aiki. Ta ce, "Likita, ƙirjina ke damuna." Ta ɗora hannu a ɓarin hagu, ta saman mayafi. Na ce tari? Ta ce a'a. Na ce haki? Ta ce a'a, nauyi dai. Ban ƙara tambaya ba. Na tsayar da ita jikin allo na ce ta ja numfashi ta riƙe, na danna. Na wanke, na ɗaga, na duba sama da ƙasa. Na ce, "Fes, Yaya. Babu komai. Aiki ne ya yi miki yawa." Ta yi dariya ta ce alhamdulillahi. Na saya mata ƙosai na raka ta tasha.

Ɗakin Sista taku ashirin ne daga ɗakina. Yau na ƙirga.

Alhamis, 8 ga Mayu, da yamma

Sun tafi Kano da takardar Likita. Na ce ina da aiki. Mutum biyu na ɗauka duk yinin, ɗaya ma ƙafar akuyar wani ce da ya roƙa.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan sallah

Na rubuta wa Bature, abokina tun makarantar koyon aiki, wanda yake wani babban asibiti a Zariya. Na ba direban da ke zuwa can. Tambaya ɗaya na yi masa: akwai injin da zai iya ganin irin wannan tun yana ƙarami? Ban ce wa ba ce. Na ce wata mata.

Ban rubuta wa Asma'u ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Zafi. Ban fita ba.

Talata, 13 ga Mayu, bayan la'asar

Babu labari daga Kano. Na dafa shinkafa gwangwani biyu kamar muna mu biyu, rabi ta lalace.

Ina tuna shekarar da aka tashe mu saboda madatsar ruwan Tiga. Ina da shekara goma sha biyu, Inna ba ta daɗe da rasuwa ba. Yaya ce ta ɗaure tukwane a cikin zane, ta ɗora mini tabarma, ta ce kada in waiwaya. Ita ta waiwaya sau da yawa. A sabon wurin ita ta kai ni makaranta, ta tsaya gaban hedimasta da goyon ɗan maƙwabta a bayanta tana cewa yaron nan yana da kai. Da na samu aiki, ita ta fara ce mini Likita. Cikin wasa ta fara, sai ya bi gari.

Alhamis, 15 ga Mayu, da azahar

Amsar Bature ta zo. Ya ce akwai inji na musamman don wannan sashe na jikin mata, amma a manyan birane ƙalilan, kuma shi ma wani lokaci yakan tsallake abu, musamman in mace ba ta tsufa ba. Ya haɗo da fotokwafin shafi uku daga wata mujallar masana ta ƙasar waje. A gefe ya rubuta, "Duba abin da ke tafe. Mu dai ba lallai mu taɓa shi ba."

Na karanta sau uku da ƙamus a gefe. Ga abin da na fahimta.

Injinmu inuwa kawai yake ɗauka. Ƙashi yana tare haske, sai ya fito fari. Tsoka da kitse da ƙari duk kusan daidai suke tare shi, sai su fito toka-toka, ba ka raba wannan da wancan. Su waɗannan mutanen sun ce ba tarewa kaɗai ake yi wa hasken ba. In ya fita daga wani irin nama ya shiga wani, yakan ɗan karkace, kamar yadda sanda take zama kamar ta karye in ka tsoma rabinta a ruwa. Karkacewar ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Amma in aka ja fim baya, nesa da abin da ake ɗauka, sai ta samu fili ta bayyana, gefen kowane abu ya fito da zane kamar an bi shi da fensir.

Akwai hoton ɗan kifi a shafi na biyu. Fotokwafin ya yi duhu, duk da haka ana ganin abubuwa masu laushi da injinmu ba zai taɓa nunawa ba, har jakar iskar cikinsa da gefenta.

Na daɗe ina kallon kifin.

Juma'a, 16 ga Mayu

Kifin dai. Na kai shi wajen aiki a aljihu, na dawo da shi.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan la'asar

Yau na yi abin da ban san yadda zan kira shi ba. Na sayi ƙaramar karfasa wajen masu kawo kifin Tiga, na tafi asibiti. Babu kowa sai maigadi. Wuta tana nan. Na ɗauko ragowar fim da kwanansu ya ƙare, na rataye kifin da zare a jikin sandar ƙarin ruwa. Na farko, fim a manne da shi yadda muka saba. Na biyu, na ja baya taku ɗaya. Na uku, taku biyu. Na huɗu, har jikin bango.

Na wanke su a jere. Na farko ya nuna ƙaya da kai, lafiya lau. Na biyu ya fara dushewa. Na uku hazo. Na huɗu ko kifi ba za ka ce ba ne.

Na zauna a ɗakin duhu na sake buɗe shafi na uku. Amsar tana nan, na karanta ta tun ranar Alhamis, na ƙi ji ne. Sai wurin da hasken yake fitowa ya zama bai kai kaurin silin gashi ba. Na injinmu ya kai ƙwayar gero. Ko zan ja fim ɗin har Doguwa ba abin da zai fito.

To a ce ma ya fito. Me zan yi da shi? Watan Nuwamba ya wuce.

Na ba kyanwar asibiti kifin.

Talata, 20 ga Mayu, da yamma

Sun dawo da ita gida. Wani mai lodin tumatir daga Ƙofa ne ya kawo saƙon. Ya ce likitocin Kano sun ba ta ƙwayoyi sun ce a je a ci gaba da addu'a. Na san ma'anar wannan, na sha ji ana faɗa wa wasu.

Laraba, 21 ga Mayu

Ban je ba.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan magariba

Na tada babur bayan an tashi aiki. Na kai Kwanar Dangora, na tsaya na sayi lemo da kankana. Daga nan Ƙofa ba nisa. Na zauna a kan babur injin yana aiki, motoci suna wucewa Kano, suna wucewa Zariya. Mai lemon ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce lafiya. Na juya na dawo.

Lemon yana nan a kan tabarma.

Asabar, 24 ga Mayu, da azahar

An yi ruwan farko jiya. Kowa ya fita shuka, asibiti fayau.

Sista Suwaiba ta shigo ɗakina ba sallama ta zauna a kujerar marasa lafiya. Ta girme ni, takan yi mini magana yadda ta ga dama. Ta ce, "Ka je ka ga yayarka?"

Na ce ina shiri.

Ta ga takardun Bature a kan tebur ta ɗauka ta juya su. Na fara yi mata bayanin karkacewar haske, na yi ta zuba, har da sanda a ruwa. Ta bari na gama. Sai ta ce, "Malam Ɗayyabu, ciwon nono ne da ita, kuma kwanakinta ba su da yawa. Injin nan naka in Allah ya kawo shi, wasu matan za su amfana. Ita ƙaninta take tambaya. Kwana uku tana ɗakina, kullum sai ta ce ko ka ci abinci."

Ta ajiye mini ƙullin magani da Likita ya rubuta, na rage zafi, da auduga da bandeji. Ta ce, "Sai an kai. Ni ba ni da babur."

Lahadi, 25 ga Mayu, bayan magariba

Na je.

Malam Maikano yana gona. 'Yarsu Uwani ce ta shigar da ni. An turara ɗakin sosai, na san dalili. Yaya tana jingine da bango, ta rufa da zane biyu duk zafin nan. Ta rame, idonta ne kawai bai canja ba.

Ta ce, "Likita, sai yau?"

Na durƙusa. Na ce, "Yaya, ki daina kirana haka."

Ta dube ni. Ta ce wa Uwani ta je ta ɗebo mini ruwa a randar waje. Da yarinyar ta fita na faɗi abin da na yi ta shiryawa tun daga Tudun Wada. Na ce ni na cuce ta. Na ce da na kai ta wajen Sista ranar nan, da na jira Likita ya dawo, da ban ce mata babu komai ba. Ban faɗe shi da kyau ba, ya fito a wargaje.

Ta gyara zanen da ta rufa da shi. Sai ta ce, "Ɗayyabu, da ka tambaye ni ina ne, me kake jin zan ce maka? Ƙirji zan ce. Ni da na yi maka wanka, in buɗe baki in gaya maka wannan?"

Na ce ai da Sista za ki gaya wa.

Ta ce, "Na san ɗakin Sista. Na wuce ta ƙofarsa kafin in zo wajenka. Tsoro nake ji. Na zo wajenka ne don na san ba za ka tambaya ba, kuma ina son in ji an ce babu komai. Ka ce. Na yi wata biyu ina barci lafiya."

Na ce wannan bai wanke ni ba.

Ta ce, "Ni ban ce ya wanke ka ba. Na gaya maka yadda aka yi ne. Ɓare mini lemon nan."

Na ɓare. Ɓari biyu ta sha.

Da zan tafi na haɗu da Malam Maikano a zaure da fartanya a kafaɗa. Na gaishe shi, ya amsa, ya wuce ciki.

Talata, 27 ga Mayu

Na je na dawo. Ta ci kunu.

Alhamis, 29 ga Mayu

Na je. Na koya wa Uwani yadda ake canja bandeji, ina daga bakin ƙofa ina faɗa, ita tana yi.

Litinin, 2 ga Yuni, da azahar

Yau wata Bafulatana ta zo daga rugar da ke wajen Ɗansoshiya, da takardar hoton ƙirji, mijinta yana biye da ita. Ta ce ƙirjinta. Na ce su ɗan jira, na je na kira Sista. Mijin ya ɓata rai ya ce su hoto aka ce su yi, shanu suna jiransa. Na ce za a yi, amma sai Sista ta gan ta. Ba a samu komai ba, tari ne kawai. Ya fita yana mita da Fulatanci.

Na gaya wa Likita daga yau haka zan riƙa yi. Ya ce to.

Laraba, 4 ga Yuni, bayan la'asar

Na rubuta wa Asma'u. Na ce Yaya ba ta da lafiya, a sa ta a addu'a. Sauran sai mun haɗu.

Yau Yaya ta yi ta zancen tsohon garinmu. Ta ce akwai wata tsamiya a ƙofar gidanmu, ko na tuna. Ban tuna ba, na ce na tuna. Ta ce, "Ƙarya kake, ɗorawa ce." Ta yi dariya har ya zame mata tari. Maganin ba ya kai ta yamma yanzu. Zan gaya wa Likita.

Asabar, 7 ga Yuni

Ba ta yi magana ba yau. Na zauna dai.

Talata, 10 ga Yuni, da hantsi

Ruwa ya hana ni tafiya jiya. Na zauna a gida ina jin sa a kan kwano. Na ɗauko takardun Bature zan karanta, na mayar. Na sa su a ambulan na ajiye a ƙasan akwati. Wata rana wani zai tsaya a ɗaki irin nawa da injin nan, ya ga abin tun yana kamar ƙwayar wake. Ina yi masa fatan alheri, ko wane ne.

Alhamis, 12 ga Yuni

Ta kira ni da sunan Baba.

Lahadi, 15 ga Yuni

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsi. Ina wurin.

Laraba, 18 ga Yuni, bayan magariba

Jiya aka yi sadakar uku. Na kwana can. Yau da safe mutane sun ragu, ina ɗaure kayana a babur, Malam Maikano ya fito ya ce in raka shi gona. Na bi shi.

Gonar Yaya ce, 'yar ƙarama, wadda take gyaɗa. Duk gonakin da ke kewaye sun yi kore, tata ce kawai ba a shuka ba, ciyawa ta fara cinye ta. Ya tsaya a kan iyaka, hannu a baya.

Ya ce, "Ɗayyabu, ka ga ban yi maka magana ba kwanakin nan."

Na ce na gani, kuma ban ga laifinsa ba.

Ya ce, "Ba fushi nake da kai ba. Kunyarka nake ji." Sannan ya ce, "Ni ta nuna mini tun daminar bara, yana kamar gurjiya. Na ce ta bari mu gama girbi. Da aka gama girbi na ce ta bari a kwashe tumatir. Da ta dawo daga wajenka ta ce ka ce babu komai, ba wanda ya kai ni murna. Na san akwai. Na taɓa da hannuna."

Shekara ashirin da wani abu yana auren yayata, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Na ce Allah ya yafe mana. Ya ce amin. Muka tsaya muna kallon ciyawa.

Can ya ce irin gyaɗarta yana nan a tulu, ta ɓare shi da kanta tun kafin ta kwanta. Lokaci ya ɗan ja, amma in aka sa a satin nan za ta yi. Shi kaɗai ba zai iya da tasa gonar ba, kuma ba ya son ya sa ɗan ƙodago a wannan.

Na ce rabona da fartanya tun ina makaranta.

Ya kama hannuna ya juya tafin ya duba. Ya ce, "Zai yi kanta, ba komai. Ka zo ranar Asabar da sassafe, kafin rana ta yi."

Na ce zan zo.